Sulke a ƙarƙashin motar lantarki: wanne za ka sa, kuma ina makomar garantinka?

Ranar da muka dawo daga ɗaurin aure a wani ƙauye gaba da Mashi, ba mu kai ga hawa kwalta ba sai muka ji "ƙwar!" daga ƙarƙashin mota. Yayana ne ke tuƙi, motar kuma ta lantarki ce, wata biyar da saye. Dutse ne a tsakiyar hanyar burji, irin wanda ruwan damina ke zaizaye ƙasar gefensa ya bar shi tsaye tsakanin sawun tayoyi. Da tsohuwar motarsa ta fetur ce, ko birki ba zai taka ba. Wannan kuwa sai da ya fito, ya tattare babbar riga, ya durƙusa yana haska fitilar waya. Har muka shigo Katsina bai ce uffan ba.

Washegari aka hau da ita kan rami a gareji, na sauka ciki tare da bakanike. Wanda bai taɓa leƙa cikin irin wannan mota ba zai sha mamaki: babu salansa, babu tankin mai, sai shimfiɗa guda sumul daga bayan tayoyin gaba har kusa da na baya. Wannan shimfiɗar ita ce akwatin batir. Dutsen ya yaga robar da ke rufe gaba, ya tsinke maɓallanta biyu, sannan ya bar farin karce kamar kamu ɗaya a leɓen akwatin. Bakanike ya shafa da yatsa, ya kwantar da rula a kai, ya ce bai lotsa ba. Muna cikin haka mai walda na shagon gefe ya leƙo.

"Alhaji, kwana biyu kawai za ka ba ni," in ji shi. "Fallen ƙarfe mai kauri zan yanko, in rufe mata ciki ruf. Bayan nan ko turmi ka taka ba abin da zai same ta."

Yaya ya kalle ni, na ce a ɗan dakata tukuna.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu sha'awar motar lantarki suke ƙaruwa, kuma duk wanda ya saya an gaya masa batir yana da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Sai mutum ya ɗauka ko me ya sami batirin kamfani ne zai biya. Garanti kuwa alkawari ne a kan kuskuren ƙira: ƙwayar batir ta mutu da kanta, na'urar da ke kula da caji ta rikice, ko ƙarfin riƙe wuta ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari kafin wa'adi ya cika. Dutse da rami da tudun rage gudu da ambaliya duk haɗari ne, takardun garanti kuma suna cire haɗari ƙarara. Ke nan sulke yana tsare ka daga abin da garanti ba ya biya tun asali, amma yana iya jawo ka rasa abin da garantin yake biya. A kan wannan gaɓar duk lissafin yake juyawa.

Tsoron da ya durƙusar da Yaya a tsakiyar hanya yana da tushe. A ƙarshen 2023 labari ya bazu a Kanada na wani mai Hyundai Ioniq 5 da murfin ƙasan batirinsa ya daku, aka yanka masa kuɗin canjin batir sama da dalar Kanada 60,000, fiye da kuɗin da ya sayi motar sabuwa, har kamfanin inshora ya gwammace ya ɗauke ta a matsayin wadda ta mutu. A 2021 kuma a Amurka wata Tesla Model 3 ta taka wani abu a hanya, ɗan bakin robar da ruwan sanyaya batir ke bi ya karye. Kamfani ya ce sai an canja batir gaba ɗaya a kan dala 16,000, wani gareji mai zaman kansa ya gyara bakin a kan dala 700. Ka lura da inda ɓarnar ta faru a wannan na biyun: a gaban akwatin ne, wurin da bututun ruwa da wayoyi ke shiga. Nan ma dutsen Mashi ya sami motar Yaya.

Tesla ta riga kowa shan wannan darasi a bainar jama'a. Ranar 1 ga Oktoban 2013 wata Model S ta taka wani lanƙwasasshen ƙarfe a babbar hanya a garin Kent na jihar Washinton. Ƙarfen ya tokare kwalta ya cako sama, ya huda fallen alminiyam mai kaurin milimita 6 da ke ƙasan batir, motar ta kama da wuta. A watan Nuwamba wata ta taka ƙugiyar jan tirela a jihar Tenesi, ita ma ta ƙone, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta buɗe bincike. Matakin farko da kamfanin ya ɗauka shi ne ya tura wa motocin sabuwar manhaja ta intanet, ta daina barin mota ta kwanta ƙasa sosai in ana gudu. Wato kafin a ƙara ko ƙusa ɗaya, tsayi aka fara ƙarawa. Sai a watan Maris na 2014 shugaban kamfanin, Elon Musk, ya sanar da sulke mai hawa uku: wani zagayayyen sandan alminiyam mai rami a ciki da zai ture abu gefe ko ya sa ya bugi sama kafin ya iso batir, sai fallen taitaniyam da ke kare kayan gaba, sai wani dunƙulen alminiyam mai gangare da zai sa mota ta hau abin ta wuce. Sun ce sun yi gwaji 152, kuma duk mai tsohuwar mota da ya nema an sa masa kyauta.

Abu biyu na ɗauka daga nan. Injiniyoyin da suke da kuɗin lulluɓe cikin motar da ƙarfe daga gaba har baya ba su yi hakan ba, sun tattara ƙarfinsu a bakin gaba, inda dutse ke fara sallama. Sannan tunda mai ƙira ne ya sa da hannunsa, babu wanda garantinsa ya girgiza. Ƙasar Sin ma ta biyo sahu ta fuskar doka: sabon ma'aunin batir nata, GB 38031-2025, wanda aka tsayar wa ranar 1 ga Yulin 2026 don fara aiki, ya ƙara gwajin dukan ƙasan batir da wani kan ƙarfe mai faɗin milimita 30, kuma dole kada ya kama wuta ko ya fashe. Motocin da za su fito bayan haka za su zo da ciki mai ƙwari. Waɗanda ke hannunmu yanzu kuwa sai mu san yadda za mu yi da su.

Kafin ka kira mai walda ko ka tura kuɗi birnin Guwanzu na Sin, fara gano ko kana da garantin ma. Motocin lantarki da ke shigowa garin nan ta ƙofa uku suke biyowa. Akwai sababbi daga hannun dilan da kamfani ya amince da shi, irin Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, ko BYD da Loxea, reshen CFAO, ya fara sayarwa a 2025. Mai irin wannan yana da takarda, yana da inda zai kai kuka. Akwai na gwanjon Amurka, waɗanda akasari sun yi haɗari inshora ta sallame su. Garantin Tesla yana faɗuwa da zarar an yi wa mota wannan tambari, ko da ma bai faɗi ba ba ya bin mota zuwa wata nahiya, kamfanin kuma ba shi da wurin gyara a Najeriya. Sai ta uku, wadda ta fi ruɗar mutane: mota ce fil a leda daga Sin, kujeru da robarsu, amma an yi mata rajista a can an fito da ita a matsayin ta hannu. Alkawarin da kamfani ya yi wa mai saye na farko a can ya tsaya. Abin da ya rage maka shi ne maganar baki ta ɗan kasuwar da ya kawo ta. Motar Yaya a wannan sahun take. Da muka kira wanda ya sayar masa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai garanti yana nan, in wani abu ya faru ka kira ni." Muka ce ya turo takarda. Har yau muna jira.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. Kwafo lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka tura wa dilan kamfanin, ka nemi amsa a rubuce: shin wannan motar tana cikin littafinku?

In amsar e ce, shawarata gajeriya ce: kada ka kwance ko noti ɗaya a ƙasan motar sai da izini a rubuce. Wani zai karanto maka a intanet cewa doka ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan waje, sai in ya nuna kayan ne suka jawo ɓarnar. Gaskiya ne, dokar Magnuson-Moss ce ta 1975, amma ta Amurka ce, ba ta tsallako teku ba. Mu a nan abin da ke hannunmu shi ne takardar garantin kanta, sai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita. Kana iya kai ƙara, amma ka ƙaddara batir ya mutu, an ɗora motar a bayan babbar mota, tunda ba a jan motar lantarki da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa, an kai ta Abuja ko Legas, injiniya ya leƙa ya ga farantin da bai sani ba ɗaure da kusoshin batir. Kai ne za ka zauna kana rantsuwa cewa ba shi ya jawo ba, motarka kuma tana ajiye wata da watanni. In dilan yana da sulken da kamfani ya yarda da shi, sa wannan ko da ya ninka na kasuwa tsada, kuma su sa da hannunsu, rasit ya nuna lambar shasi. In ba su da shi, nemi su rubuta cewa sun amince da wanda ka samo. In sun ƙi rubutawa, ka riga ka ji amsar da za su ba ka ranar da batir ya lalace.

In kuwa amsar a'a ce, to hannunka a sake yake, sai dai ka zama kai ne kamfani kai ne garanti. A nan ne kwatancen ya yi daɗi.

Mu fara da tayin mai walda, tunda shi ne mafi kusa kuma mafi araha. Ba raina sana'ar nake ba, mutanen da ke ƙera bodin tirela da ƙofofin gidajenmu sun san ƙarfe. Matsalar ita ce abin da ke bayan wannan shimfiɗar. Ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyin batir ne a jere, tsakanin ɓangarorin kowace ƙwaya akwai wata siririyar leda da ke fara narkewa tun zafi bai kai digiri 150 ba. Wutar walda kuwa ƙarfe take narkarwa, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. Ko da bai taɓa akwatin ba, wutar da ke bi ta jikin mota daga sandar walda zuwa wayar ƙasa tana iya ƙona kwamfutocin motar. Huda da inji ma haka: rami ɗaya a jikin akwatin ya isa ya karya hatimin da ke hana ruwa shiga, kuma duk wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a titunan Katsina a watan Agusta ya san me hakan ke nufi. Wayoyin batir masu launin ruwan lemo kuma suna ɗauke da wuta wajen bolt 400, kusan ninki biyu na wadda KEDCO ke kawo mana gida.

Sai nauyi. Ɗauki faranti mai faɗin mita ɗaya da rabi, tsawon mita biyu. In baƙin ƙarfe ne mai kaurin milimita 3, nauyinsa ya kai kilo 70, buhun siminti ɗaya da kusan rabi da za ka riƙa yawo da shi har ranar da za ka rabu da motar. Abin da zai ci na caji kaɗan ne, ban damu da shi ba. Abin da ya dame ni shi ne tsayi. Tesla Model 3 tazararta da ƙasa wajen santimita 14 ce, Model Y wajen 17, BYD Atto 3 santimita 17 da rabi in babu kowa a ciki. Faranti da kan kusoshinsa za su ci santimita ɗaya zuwa biyu, nauyinsa ya ƙara danne sifirin. Tudun rage gudun da mutanen unguwa suka zuba da kansu, wanda a da kake wucewa da ƙyar, yanzu kullum sai ka goge shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kuma faranti mai taurin da ba ya lanƙwasa ba ya shanye duka, miƙa shi yake zuwa inda aka ɗaure shi. In an ɗaure shi a jikin akwatin batir, ka gina wa dutse gada zuwa wurin da kake gudun ya isa.

Duk da haka akwai yadda za a ci moriyar mai walda. A auna da kwali, a yanka samfuri, a kai masa shago, motar tana can nesa. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya huda a kan bencinsa, a dawo a ɗaure da kusoshi a ramukan da kamfani ya riga ya bari a ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba. Wuta ba ta kusanci mota ba, injin huda bai taɓa ta ba. Wannan aikin na yarda da shi.

Na biyu shi ne sulken da ake ƙerawa a masana'anta don kowace irin mota, wanda ake odarsa daga Sin. Kala uku za ka tarar. Na ƙarfe mai gaurayen manganis ya fi kowanne juriya kuma ya fi na alminiyam sauƙin kuɗi, amma yana da nauyi, yana tsatsa in fentinsa ya goge, in kuma ya lotsa a haka zai zauna yana dannar akwatin, yana ƙara kamar gwangwani a duk ramin da ka faɗa. Na alminiyam nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe in girmansu ɗaya, don haka ko an yi shi da kaurin milimita 4, faranti irin wancan na sama wajen kilo 32 ne kawai. Ba ya tsatsa, yana shanye duka ta hanyar lanƙwasa, ya fi tsada. Na roba mai tauri kuwa na tsakuwa da yashi ne, ya dace da mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano a kan kwalta, amma kada ya ruɗe ka ka shiga hanyar gona da shi. A ganina na alminiyam ya fi dacewa da yawancinmu. Na ƙarfe sai ga wanda motarsa ke da tsayi sosai kuma hanyar burji ce abincinsa kullum.

Amma abin da aka yi sulken da shi bai kai yadda ake ɗaure shi muhimmanci ba, kuma masu talla ba sa son a yi wannan tambayar. Da yawa daga cikin manyan sulkunan da ke rufe batir gaba ɗaya suna zuwa da dogayen kusoshi, a ce ka kwance na batir ka maye gurbinsu. Waɗannan kusoshin su ke riƙe da akwati mai nauyin kilo 300 zuwa 500, kowanne da iyakar ƙarfin da aka ce a ɗaure shi. A wasu motocin, irin BYD Seal, saman akwatin batir shi ne ma daɓen motar, wato batirin wani ɓangare ne na ƙashin bayanta. Yaron gareji da sifana da bututun ƙarin ƙarfi ba zai san iyakar nan ba. Nemi mai sayarwa ya turo bidiyon ɗaurawa kafin ka biya. In ka ga ana kwance kusoshin batir, ka nemi wani. Duba kuma ko ya bar tazara tsakaninsa da akwatin, ko yana da ramukan zubar ruwa, ko bai toshe bawul ɗin da ke fitar da iska mai zafi in ƙwaya ta lalace ba. Wannan bawul ɗin shi ke ba mutanen cikin mota mintocin fita.

Akwai wata illa da mai ƙera sulke a Sin bai yi tunaninta ba, domin bai san yashin Katsina ba. Tazarar nan da ke tsakanin faranti da akwati rumbu ce. Ƙurar hunturu ta shiga, yashin hanya ya bi, damina ta zo ta jiƙa su, su zama laka mai riƙe danshi mako da mako. Tsakuwa ɗaya ta maƙale a ciki ta riƙa gurzar akwatin duk juyin taya. In farantin ƙarfe ne akwatin kuma alminiyam, danshi ya haɗa su, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Sannan sulke yana ɓoye rauni: dutse zai iya lotsa shi har ya taɓa batir, kai kana ganin ai sulke ya tare. Duk wanda ya sa cikakken sulke ya ɗauki alkawarin sauke shi a wanke a duba sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu. Na san mutanenmu da sabis. Wanda baƙin mai ma sai ya koma kamar kwalta ake juyewa, da wuya ya cika wannan alkawari.

Batun zafi ya danganta da motar. Mafi yawan na zamani da ruwa suke sanyaya batir, zafin yana fita ta lagireto da na'urar sanyi a gaba, saboda haka faranti bai cika takura su ba muddin bai toshe hanyar iska ba. Nissan Leaf tsohuwar ƙira daban ce. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya, ta jikin akwatin yake sauke zafinsa. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka, lulluɓe cikin Leaf kamar sa wa mai zazzaɓi bargo ne. Mai irin wannan Leaf ya tsaya a kan ƙaramin sulken gaba.

Saura zaɓin da ba a cika lissafawa ba: a bar motar yadda aka ƙera ta, kuɗin sulke a kai su inshora. Tunda dutse haɗari ne, inshora ce mai biyansa. Amma wace iri? Takardar naira 15,000 da muke saya don 'yan sanda da jami'an hanya, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga daga 5,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har naira miliyan 3. Ko sisi ba ta biya a kan motarka. Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar wannan, kuma hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. Motar miliyan 30 ke nan miliyan ɗaya da rabi duk shekara. Da nauyi, ba shakka, amma ita kaɗai ce a cikin duk zaɓin nan za ta saya maka sabon batir. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor. Ka sa su rubuta cewa batir yana ciki, da dukan ƙasa, da ambaliya. In kuma ka riga ka sa sulke, gaya musu tun ranar cike fom, don abin da ka ɓoye shi za su riƙe ranar biya.

Wasu suna ɗaga motar ko su sa manyan tayoyi. Ƙarin kaurin taya kaɗan yana ba da 'yan milimitoci ba tare da wata fitina ba. Ɗagawa da zoben ƙarfe a kan sifirin kuwa tana canja kwanar sandunan da ke juya tayoyi, kuma ga mai garanti ita ma ƙofar musu ce.

Ko da wane ka zaɓa, ranar da ka ji duka mai ƙarfi ka duba abu uku: ruwa na ɗiga, fitilar gargaɗi a allo, da wani wari mai zaƙi-zaƙi. Batirin da ya ji rauni yana iya kamawa bayan sa'o'i ko kwanaki. Kada ka kwana da ita a garejin da ke jikin ɗakin yara, ajiye ta a fili, mita 15 daga gini. Littafin da Tesla ta rubuta wa 'yan kwana-kwana ya ce kashe irin wannan wutar na iya cin galan 3,000, sama da lita 11,000. Jarkar 'yan garuwa 440 ke nan.

Na bar wani abu sai yanzu domin shi ya fi ba ni tsoro, kuma babu sulken da ke maganinsa. Bayan mako biyu da abin Mashi, tayar Yaya ta yi faci a hanyar Batagarawa. Kafin ya gama amsa waya, yaron mai faci ya turo jak ɗinsa, ya cusa shi ƙarƙashin mota daidai inda ya ga ya fi faɗi da kyau, wato tsakiyar akwatin batir, ya fara bugawa. Ihu na yi.

"Yallaɓai, ai nan ya fi ƙwari," in ji shi, yana mamakin abin da ya tada mini hankali.

Ba laifinsa ba ne, duk motar da ya taɓa ɗagawa haka yake yi mata. Nauyin kusan tan biyu a kan bakin jak da bai fi tafin hannu ba zai iya yin ɓarnar da dutse bai yi ba, kuma garanti ba ya biyan wannan ma. Kowace motar lantarki tana da wurare huɗu na ɗagawa a gefe, littafinta ya nuna su. In ka sa cikakken sulke, yaron zai ƙara samun tabbacin cewa nan ne wurin.

Daga ƙarshe Yaya bai rufe cikin motar ba. Mun samo fallen alminiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, mai waldan nan dai shi ya yi aikin a bencinsa daga samfurin kwali, ya lanƙwasa bakin ya yi gangare yadda dutse zai zame ƙasa. Tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, ya maye gurbin robar da ta yage, ya rufe bututun ruwa da leɓen akwatin, kusoshi shida a ramukan da muka tarar. Da aka gama ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai har yanzu yana ganin da an bar shi ya rufe duka da ya fi. Abokin Yaya da ya sayi tasa a hannun dila ya rubuta musu wasiƙa, suka amsa cewa ba su yarda da kowane ƙari ba, ya bar ta yadda take ya yi takaful.

Mun sa an ɗiga jan fenti a wuraren ɗagawa huɗun nan, Yaya kuma ya yanka tsohuwar taya gida huɗu ya ajiye a but don a riƙa ɗorawa a bakin jak. Da aka sake gayyatarmu suna a ƙauyen nan, a bakin kwalta ya ajiye motar ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ya ba wani mai shayi ajiyarta, muka hau babura biyu.